Yadda ake nazarin littafin yara da katun ɗinsa ba tare da an ɓige da ba da labari ba

Da yawan ɗalibai suna ɗaukar adabin yara ko katun a matsayin furojet ne saboda wai zai fi sauƙi, littafin bai wuce shafi 32 ba, rabinsa ma hotuna ne, fim ɗin kuma awa ɗaya da 'yan mintuna an gama. Sai an zo rubuta babi na huɗu ido ya raina fata, mutum ya duba ya ga ba shi da abin cewa, shikenan sai ya kama ba da labarin tun daga farko har ƙarshe, in ya gama ya jero darussa, haƙuri, biyayya ga iyaye, illar ƙarya, ya rufe. To wannan ba nazari ba ne gaskiya, yaro ɗan aji uku ma zai iya ba ka labarin, wataƙila ma ya fi ka iya bayarwa. Abin da ake nema a wajenka shi ne ka nuna yadda aka ƙera abin, da wanda ya ƙera, da dalilin da ya sa ya zaɓi wannan hanyar ya bar waccan.

Ka fara riƙe abu ɗaya a ka, don kusan duk fannin a kansa yake tsaye. Littafin yara babba ne ya rubuta shi, babba ya zana hotunan, babba ya buga, babba ya saya, sau tari ma babba ne yake karanta wa yaron. Katun ma haka, ba yaro ko ɗaya a ɗakin da aka yanke shawarar wa zai mutu wa zai rayu a fim ɗin. Jacqueline Rose ta yi littafi guda a 1984 a kan Peter Pan, labarin yaron da ba ya girma, tana cewa yaron da ke cikin irin waɗannan littattafai yaron da manya suke so ne, su suka ƙirƙire shi, Perry Nodelman kuma a 2008 ya kira abin da babban da ya ɓuya a cikin labarin. Ba dole ka yarda da duk abin da suka faɗa ba, an yi ta musu da Rose ɗin har yau, amma tambayar tasu ita ce makaminka: me wannan babban yake zaton yaro, me yake so yaro ya sani, me kuma yake ɓoye masa?

Sai zaɓen abin da za ka nazarta. Kar ka ce za ka yi finafinan Disney gaba ɗaya, ko adabin yara a duniya, sufabaiza mai hankali ba zai bari ba, in ma ya bari kai za ka sha wuya. Littafi ɗaya da fim ɗaya da aka yi daga shi sun isa kundin digiri na farko, in an matsa biyu-biyu. Sannan ka mai da take ya zama tambaya a zuciyarka. Nazarin Pinokiyo, labarin yaron da aka sassaƙa da katako, ba tambaya ba ce. Amma me ya sa hukuncin da yaro marar ji yake sha a littafin ya fi na fim ɗin tsanani, kuma wa aka ɗora wa aikin tsawatarwa a kowanne, wannan tambaya ce, tana da amsa, kuma ana iya yi maka musu a kanta, wanda shi ne alamar ka samu abin rubutawa.

Abu na gaba wanda mutane suke tsallakewa, kuma shi ne yake kayar da su ranar difens, shi ne sanin wane bugu ne a hannunka. Tsofaffin labaran nan ba su da siga ɗaya. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, su Grimm, sun fitar da kundin tatsuniyoyinsu na farko a 1812, suka yi ta gyara shi har bugu na bakwai a 1857, kuma gyaran ba na wasa ba ne. A bugun 1812 muguwar sarauniyar da take neman ran Snow White uwarta ce ta cikinta, daga bugun 1819 aka mai da ita matar uba. Ka ga tun kafin Disney ya yi nasa fim ɗin a 1937 an riga an fara wanke labarin don ya shiga kunnen yara. Haka Sindarela, takalmin gilashi da aljanar da ta taimake ta duk daga sigar Charles Perrault ne ta Faransa, 1697, ita ce Disney ya bi a 1950, a ta su Grimm kuwa 'yan'uwan nata yanke yatsa da dunduniya suka yi don ƙafa ta shiga takalmi. In ka ce Disney ya cire yankan ƙafa daga labarin alhali ba wannan sigar ya ɗauka ba, duk hujjarka ta rushe. Kuma yawancin ƙananan littattafan da ake sayarwa yanzu da sunan waɗannan labaran daga fim ɗin aka sake rubuto su, wato sai ka zo kana kwatanta fim da jikansa kana zaton kakansa ne. Duba shafin bayanan bugu, shekara, mafassari, an taƙaita ko ba a taƙaita ba, ka rubuta duk a littafinka tun ranar farko. Fim ma yana da siga-siga, Aladdin na 1992 an canza wasu baitoci a waƙarsa ta farko a fitowar bidiyo ta 1993 bayan ƙorafin wata ƙungiyar Larabawan Amurka, sannan ga maganar fassarar murya zuwa wasu harsuna wadda kan canza barkwanci har ma da halin tauraro. Faɗi wacce ka kalla.

Yanzu karatun littafin. In mai hotuna ne ga dabara mai sauƙi: samu takarda ka rufe rubutun ka bi hotunan kaɗai daga bango zuwa bango, ka rubuta labarin da suka ba ka. Sai ka dawo ka rufe hotunan ka karanta rubutun kaɗai. Sai ka ajiye biyun gefe da gefe ka ga inda suka saɓa, don a wannan saɓanin nazari yake. Misalin da malaman fannin suka fi so shi ne Rosie's Walk na Pat Hutchins, 1968. Rubutun littafin gaba ɗaya jimla ɗaya ce, kaza ta fita yawo ta bi nan ta bi can ta dawo gida. Ba a ambaci dila ko sau ɗaya ba. Amma a hotuna dila na biye da ita shafi bayan shafi, duk tsallen da ya yi zai cafke ta sai wani bala'i ya faɗa masa, ita ko a jikinta. To wa ya san da dilan? Yaron da ke kallon hoto. Babban da ke karanta rubutu da baki bai faɗe shi ba, kaza ba ta gan shi ba, an ba yaro sanin da ya fi na mai ba da labarin, shi ya sa yara suke ihu suna nuna shafin. In ka iya rubuta wannan a shafi biyu da hujja ka yi nazari.

Ka kuma lura da girman hoto da farin da aka bari a gefensa. A Where the Wild Things Are na Maurice Sendak, 1963, hoton farko ƙarami ne a tsakiyar farin shafi, yana ta girma yayin da yaron yake nutsewa cikin duniyar tunaninsa, har a kai inda hoto ya cinye shafuka biyu-biyu sau uku a jere babu kalma ko ɗaya, in ya juyo gida kuma hoton ya fara tsukewa. Ba wanda ya rubuta maka cewa fushin yaron ya kai ƙololuwa ya sauko, girman hoton ne ya faɗa. Sauran abubuwan dubawa su ne launi, ta ina aka hango abin, daga sama ko daga tsayin yaro, wa ke dama wa ke hagu, da kuma me aka bari sai ka juya shafi kafin ka gani. Maria Nikolajeva da Carole Scott sun yi littafi a 2001 a kan yadda rubutu da hoto suke aiki tare, in ka same shi zai ba ka sunayen waɗannan abubuwan.

Fim kuwa kallo ɗaya ba ya yi. Na farko ka kalla kawai kamar kowa, kar ka riƙe biro. Na biyu ka buɗe tebur a kwamfuta ko ka ja layi a takarda, lokacin da sin, wato fitowa ɗaya ta fim, ya fara, lokacin da ya ƙare, su wa ke ciki, me ya faru, akwai shi a littafi ko babu. Aikin yana da gajiyarwa, ba ƙarya, amma wannan teburin shi ne rabin babinka na huɗu, don daga shi za ka gano cewa abin da littafi ya yi a layi biyu fim ya ba shi minti shida, ko babi uku sun ɓace gaba ɗaya. Daga nan ka zaɓi sin uku ko huɗu kacal waɗanda suka shafi tambayarka, su za ka yi wa filla-filla. Kashe sauti ka kalla, ka ga me jiki da launi da motsi suke faɗa. Sai ka kunna sauti ka kau da kai daga allon ka saurara. Sai ka bi shi a hankali hoto bayan hoto, manhajar VLC ma tana yin wannan.

Dalilin wannan wahalar shi ne katun ba kamar fim ɗin mutane ba ne inda kamara za ta iya ɗaukar tsuntsu ya gifta ba da niyya ba. Fim yana tafiya ne a hoto 24 duk sakan ɗaya, wato fim na minti 90 hoto 129,600 ke nan, kuma duk abin da ka gani a ciki, inuwa, ƙura, yadda gira ta ɗaga, wani ne ya zauna ya sa shi. A zanen hannu sau da yawa zane ɗaya yakan zauna a hoto biyu, wato zane 12 a sakan, katun na talabijin kuma yakan yi ƙasa da haka, a tsayar da jiki baki kawai ke motsi, a maimaita bango ɗaya ana ta gudu a gabansa. Haka kamfanin Hanna-Barbera ya yi a Amurka, haka Osamu Tezuka ya yi a Japan da Astro Boy a 1963 don ya iya fitar da shiri duk mako. Saboda haka kafin ka ce tsayuwar da tauraro ya yi cak alama ce ta kaɗaici, tambayi kanka ko dai kuɗi da lokaci ne suka tsayar da shi. Wani lokacin duka biyun ne, an mai da rashi ya zama salo, kuma faɗin hakan ya fi nuna ka san aikin. Irin fasahar ma tana da magana, Lotte Reiniger ta yi fim ɗinta na Yarima Ahmed a Jamus a 1926 da yankakken kwali baƙi a kan haske, daga labaran Dare Dubu da Ɗaya, babu fuska sai inuwa, don haka duk halin tauraro a hannu da tafiya yake. Toy Story na 1995, dogon fim na farko da aka yi gaba ɗaya da kwamfuta, taurarinsa kayan wasa ne, kuma kwamfutar lokacin ta fi iya fitar da roba a kan fatar mutum. In kana son sunayen dabarun motsi, Frank Thomas da Ollie Johnston, tsofaffin masu zanen Disney, sun jera ƙa'idoji 12 a littafinsu na 1981, irin su matsewa da miƙewar jiki, da ɗan ja da baya da tauraro yake yi kafin ya zabura.

Kunne kuma kar ka raina shi. Wa aka ba waƙa, wa aka hana? Wa ke magana da karin harshen da ake ɗauka na masu ilimi, wa aka ba karin baƙi? Rosina Lippi-Green ta bi finafinan Disney a littafinta na 1997 ta nuna cewa masu magana da karin 'yan wata ƙasa sun fi yawan fitowa a mugaye in an kwatanta da sauran. Irin wannan aikin ƙirge kai ma za ka iya yin sa a kan fim ɗaya.

To sai kwatancen kansa, kuma a nan ne nake so in daɗe kaɗan. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya zama alƙali, littafi ya fi, fim ya ɓata labari, ya ci amana. Linda Hutcheon a littafinta na 2006 da wasu kafin ta sun daɗe da ture wannan hanyar, don fim wani aiki ne dabam da yake da nasa buƙatun, tambayar ita ce me canjin ya haifar. Ɗauki gyaren nan na Pinokiyo, wato ƙwaron da ke magana a labarin. A littafin Carlo Collodi na Italiya, wanda ya fara fita kashi-kashi a wata jaridar yara a 1881 kafin ya zama littafi a 1883, gyaren ya yi wa Pinokiyo nasiha a babi na huɗu, yaron ya ji haushi ya wurga masa gudumar katako ya kashe shi a jikin bango. Daga baya yana sake fitowa jefi-jefi, har a matsayin fatalwa. Collodi ma da farko a babi na 15 ya tsayar da labarin, an rataye Pinokiyo a bishiya, sai da aka matsa masa ya ci gaba. A fim ɗin Disney na 1940 kuwa gyaren ya samu suna, Jiminy, ya samu hula da kwat da lema, shi ya buɗe fim ɗin, shi ke ba mu labari, kuma aljana ta naɗa shi ya zama zuciyar da za ta riƙa gaya wa yaron daidai da ba daidai ba. Ka ga abin da ya faru? A littafi yaro yana iya kashe muryar nasiha, duniya ce take koya masa da yunwa da sanyi da duka. A fim nasiha ta zama aboki mai ban dariya da ke tafe da shi, Pinokiyon kansa ya tashi daga fitinanne ya koma marar wayo da ake yaudara. Wato an canza ma'anar yaro gaba ɗaya, daga wanda sai an lanƙwasa shi zuwa wanda sai an tsare shi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce irin abin da ake kira sakamakon bincike, kuma ka ga daga gyare ɗaya ta fito.

Wani lokacin kuma matsalar fim ba ragewa ba ce, ƙari ne. Shrek na 2001 daga ɗan littafin hotuna na William Steig ne na 1990, labarin da za ka karanta a minti goma, dole aka ƙirƙiro mugun sarki da ba ya cikin littafin, aka faɗaɗa jakin, aka cika shi da barkwancin da manya ne kawai za su gane, don su ne masu sayen tikiti kuma su ne za su zauna a sinima tare da yaran. Barbara Wall a 1991 ta raba wannan gida uku, mai magana da yaro kaɗai, mai magana da yaro yana ƙifta wa babba ido ta saman kansa, da mai magana da su biyun lokaci ɗaya ba tare da ya raina ɗaya ba. Gwada wannan a kan duk katun ɗin da ka zaɓa, za ka sha mamakin yawan ƙifta idon.

Maganar ra'i, guda ɗaya ya isa, biyu in sun dace da juna. Ɗalibai suna son Vladimir Propp na Rasha saboda yana da lamba, matakai 31 da ya fitar a 1928 daga tatsuniyoyin Rasha guda 100, sai mutum ya bi fim yana sa alama, akwai, akwai, babu. Ba laifi a fara da shi, amma in ka tsaya nan ka nuna mana cewa labari labari ne kawai. Inda fim ɗin ya karya tsarin, ko ya ba mace aikin da Propp ya saba gani a hannun namiji, nan ne abin magana. In aƙida kake bi, Peter Hollindale a 1988 ya ce tana zuwa hawa uku, wadda marubuci ya faɗa da gangan, wadda ya ɗauka kowa ya yarda da ita har bai san ya sa ta ba, da wadda take cikin harshe da zamanin kansa. Darussan da ɗalibai suke jerowa duk hawa na farko ne, mai daɗin yana na biyu, misali wa ke aikin gida a hotunan ba tare da labarin ya ce komai a kai ba, ko me ya sa mummuna shi ne mugu. In kuma tambayarka wane yaro ne yake ganin kansa a littafi wane ne ba ya gani, Rudine Sims Bishop ta yi wannan maganar a 1990 da misalin madubi da taga. Ni dai shawarata kar ka zaɓi ra'i sai ka gama teburinka, don wanda ya fara da ra'i yakan ga abin da ya zo nema ne kawai.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar ka rubuta cewa wannan katun yana lalata tarbiyyar yara ko yana gyara ta in ba ka yi bincike da yara ba. Nazarin matani yana gaya maka abin da fim ya miƙa ne, ba abin da yaro ya karɓa ba, kuma yara sun iya ɗaukar abin da ba a ba su ba, su so mugun su manta jarumin. In kana son ka san wannan to wani aiki ne dabam, sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, da sa hannun iyaye, da yardar yaron kansa, ka ɓoye sunaye, kuma kar ka tambaye shi me ka koya, don zai ba ka amsar da ya san manya suna so. Ce masa ya ba ka labarin, ko ya zana wurin da ya fi tunawa, ka ga me ya riƙe me ya zubar.

Wajen bitar ayyukan da suka gabata, fannin yana da mujallunsa tun da daɗewa, akwai Children's Literature in Education da The Lion and the Unicorn, akwai Bookbird ta IBBY, ƙungiyar littattafan yara ta duniya wadda aka kafa a 1953, ɓangaren katun kuma ƙungiyar masu nazarinsa ta duniya tun 1987 take, littafin Paul Wells na 1998 kuma wuri ne mai kyau na farawa. Nemi sunan littafinka da na fim ɗin a Google Scholar, karanta sababbin maƙalu biyu uku, sai ka bi manazartarsu baya.

In ka zo rubutu, kowane sakin layi na nazari ya ɗauki abu uku, abin da kake iƙirari, hujjar da ke shafi kaza ko minti kaza da sakan kaza, sai bayanin yadda hujjar ta tabbatar da iƙirarin. Littattafan hotuna da yawa ba su da lambar shafi, sai ka ƙirga buɗewa-buɗewa da kanka ka faɗa a babin hanyoyin bincike cewa haka ka yi. Hotunan da ka ɗauko daga fim ka sa musu lamba da lokaci da sunan kamfani, kuma kar ka sa hoton da ba ka yi magana a kansa ba. Taƙaita labarin kuwa, na littafi da na fim duka, kar ya wuce shafi ɗaya, in ya fi haka ka tura shi rataye.